Shin gajimaren Ingila ne ya yi James Anderson?

"Malam, barkanku da aiki. Shekarata 17, ina buga kurket a makarantarmu. Ni mai jifa ne, amma ba ni da saurin da abokaina suke da shi. Ina yawan kallon bidiyon James Anderson a waya, ina mamakin yadda ƙwallonsa ke lanƙwashewa a iska. Wani yayanmu a fili ya ce in daina ɓata lokacina, wai sanyi da gajimaren Ingila ne suka yi Anderson, da a nan aka haife shi da ba wanda zai san shi. Ya kuma ce dole in sauya yadda nake jifa saboda kaina yana sunkuyawa lokacin da zan saki ƙwallo. Gaskiya ne? Wane ne mutumin nan, kuma irina zai iya koyon abin da yake yi?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Tambayarka guda ce a baki amma uku ce a ciki: wane ne Anderson, ko yanayin ƙasarsu ne ya ɗaga shi, sannan ko ya kamata ka bar jifan da jikinka ya saba da shi don wani ya ce bai yi masa kyau a ido ba. Ta ukun ta fi damuna, domin abin da yayan nan naku yake so ya yi maka shi aka taɓa yi wa Anderson, kuma saura ƙiris ya raba shi da wasan baki ɗaya. Na daɗe ina koyar da yara jifa a filayen makaranta, a kan siminti da busasshiyar ƙasa, don haka zan amsa maka da abin da tarihin mutumin ya nuna da kuma abin da na gani da idona.

Saboda masu karatun da ba su san wasan ba: mai jifa yana rugowa ya saki ƙwallo daga nisan yadi 22, yana neman turaka uku da mai bugu yake karewa da katakonsa. In ƙwallo ta bugi turakan, ko ta taɓa katako aka cafe ta kafin ta faɗi ƙasa, ko ta sami ƙafar mai bugu a daidai gaban turaka, to an fitar da shi. Jifa shida shi ne oba ɗaya. Babban wasan ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Tes, yana iya kai kwana biyar, kuma a nan Anderson ya yi suna.

Me ke lanƙwasa ƙwallo?

Ɗauki sabuwar ƙwallon kurket ka duba. Nauyinta bai wuce giram 163 ba, cikinta ɓawon itace ne da zare, bayanta jar fata, sannan ga ɗinki layi shida ya zagaye ta a tsakiya ya ɗan taso. Duk sirrin yana cikin ɗinkin nan. Idan mai jifa ya saki ƙwallo ɗinkin yana tsaye, ya ɗan karkata zuwa gefe guda, iskar da ke bin gefen mai santsi takan rabu da fatar da wuri. Wadda ta bi ta kan ɗinkin kuwa sai ta rikice, ta ƙara manne wa ƙwallon kafin ta rabu da ita. Wannan rashin daidaiton ne yake tura ƙwallo zuwa inda ɗinkin ya fuskanta. Shi ya sa za ka ga 'yan wasa suna goga gefe ɗaya a wando har ya yi jan tabo, suna barin ɗaya gefen ya ƙoƙe. A da har da yawu ake gogewa, sai aka hana a 2020 saboda annobar korona, aka kuma tabbatar da hanin a 2022.

In ɗinkin ya fuskanci masu cafka da ke jere a bayan mai bugu, ƙwallon takan guje masa, ita ce muke kira mai fita. Mai bugu ya kai katako inda ya ga ta nufo, ita kuwa ta riga ta goce, sai ta shafi gefen katakon ta faɗa hannun na baya. In ɗinkin ya fuskanci ƙafarsa, ta shigo masa, ita ce mai shiga. Yara da yawa suna iya ɗaya daga ciki ba tare da sun san dalili ba. Gwani shi ne wanda zai jefa duka biyun da gudu iri ɗaya, da ɗaga hannu iri ɗaya, bambancin yana cikin yatsa da wuyan hannu kawai, kuma ƙwallon ba ta fara karkata ba sai ta kusa isa, lokacin da mai bugu ya riga ya yanke shawara. Wannan makararriyar lanƙwasa ita ce sana'ar Anderson.

Ka lura, a duk bayanin nan ban ambaci gajimare ba. Za mu zo kansa.

Yaron Burnley

An haife shi ranar 30 ga Yuli, 1982, a Burnley, wani garin masaƙu a yankin Lancashire da ke arewacin Ingila. A kulob ɗin garinsu ya tashi, kuma tun yana wajen shekarunka jifansa ya ƙara sauri har ƙungiyar Lancashire ta ɗauke shi. A can ne kocinsu, Mike Watkinson, ya nuna masa yadda ake riƙe ɗinki. Tashinsa ya yi saurin da ba a saba gani ba. A Disamban 2002, yana da shekara 20, aka kira shi ya buga wa Ingila wasan yini ɗaya da Ostareliya a Melbourne. Bayan wata biyu, a gasar cin kofin duniya ta 2003 a Afirka ta Kudu, ya haɗu da Pakistan da dare a Cape Town, ya fitar da mutum 4 aka ci masa maki 29 kacal. Inzamam-ul-Haq da Yousuf Youhana, manyan masu bugu biyu, ya sallame su da jifa biyu a jere. Nemi bidiyon ƙwallon da ta fitar da Youhana ka kalla a hankali: ta taho kamar za ta bugi ƙafarsa, sai ta goce ta tumɓuke turke. A watan Mayun shekarar ya buga Tes ɗinsa na farko a filin Lord's da ke Landan, da Zimbabuwe, ya fitar da mutum 5 a kan maki 73.

A lokacin nan jifansa yakan kai kusan kilomita 145 a awa, kuma, ji da kyau, kansa yana sunkuyawa. A daidai lokacin sakin ƙwallo idonsa ƙasa yake kallo. Masu horarwa na tawagar Ingila suka ga wannan, suka ji tsoron zai karya bayansa, suka kuma so ya ƙara sauri, sai suka shiga gyara masa jifa.

Abin da ya biyo baya shekaru ne na wahala. Lanƙwasar ta gudu. Saitin ya lalace. Ya zama mai kai wa 'yan wasa ruwa, a lokacin hutun abinci a gan shi shi kaɗai a fili yana jifan alamomin roba da aka jera masa. Gasar Ashes ta 2005, wato jerin wasannin Tes tsakanin Ingila da Ostareliya, wadda Ingila ta karɓe daga Ostareliya bayan shekara da shekaru, ba a sa shi ko wasa ɗaya ba. Sannan a 2006 ƙashin bayansa ya tsage, wato ciwon da aka ce ana guje masa shi ne ya same shi da sabon jifan. Da ya warke aka tafi da shi Ostareliya a ƙarshen shekarar, ya buga wasa uku ya fitar da mutum 5 kawai, aka lallasa Ingila 5 da nema. Mutane da yawa sun ɗauka ya ƙare ke nan, ɗaya daga cikin taurarin da ke haskawa da asuba su ɓace kafin hantsi.

Abin da ya cece shi komawa jifansa na asali ne, da sunkuyon kan da komai. A Maris ɗin 2008 a Wellington ta ƙasar New Zealand, Ingila ta ajiye manyan masu jifanta biyu, Steve Harmison da Matthew Hoggard, ta ba Anderson da wani matashi Stuart Broad dama. Anderson ya fitar da mutum 5 a zagayen farko. Bayan wata uku a filin Trent Bridge ya fitar da 7 a kan maki 43. Daga nan bai sake waiwaye ba, kuma shi da Broad suka yi shekara goma sha biyar suna jifa daga gefe biyu na fili, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa.

Maganar gajimare

Yayanku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma ba na so ka koma fili ka raina shi. Ingila ta fi ko'ina daɗin jifa ga irin su Anderson. Ƙwallon Dukes da suke amfani da ita ɗinkin hannu ce, ɗinkinta ya fi tasowa kuma ya fi daɗewa bai kwanta ba, ba kamar Kookaburra ta Ostareliya ba wadda takan yi laushi bayan 'yan obobi. Filayensu akwai ciyawa da danshi, fatar ƙwallo ba ta saurin ƙoƙewa. Daga cikin mutum 704 da ya fitar a wasannin Tes, fiye da 400 a gida ne, kuma a filin Lord's kaɗai ya fitar da 123. Shi kansa gajimaren, duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo zai rantse maka ta fi lanƙwashewa in gari ya lumshe, amma masana da suka gwada ƙwallo a ɗakin gwajin iska ba su sami hujjar cewa danshi ne yake jawo hakan ba. Wasu suna ganin lafawar iska ce a saman fili in babu zafin rana. Ni dai abin da na lura da shi, ranar da gari ya lumshe mai jifa yakan yarda da kansa ya kai ƙwallo kusa da ƙafar mai bugu, mai bugu kuma ya shigo da fargaba, kuma wannan kaɗai rabin aiki ne.

Inda yayanku ya kauce shi ne nan. Dubban masu jifa sun tashi a ƙarƙashin gajimaren nan, da ƙwallon nan, a filayen nan. Kafin Anderson wanda ya fi kowa a Ingila shi ne Ian Botham, da mutum 383. Anderson ya wuce shi a Afrilun 2015 a tsibirin Antigua, a wasansa na 100, sannan ya ƙara sama da 300 a kai. Gajimare bai san sunan kowa ba.

Sannan ka dubi abin da ya yi a inda babu gajimaren. Ostareliyar da ta kunyata shi, ya koma a 2010 zuwa 2011 ya fitar da mutum 24, ya fi kowa a gasar, Ingila ta ci Ashes a can karon farko cikin shekara 24. Kafin tafiyar ya san Kookaburra ba za ta lanƙwashe masa ba, sai ya koyi wani jifa da ya gani a hannun Mohammad Asif na Pakistan: a saki ƙwallo ɗinkin yana ɗan rawa, ta yadda in ta dira ƙasa ba mai bugu ba, ko mai jifan bai san gefen da za ta bi ba. A Indiya a 2012, a busassun filayen da aka shirya don masu murza ƙwallo, wato masu jifa a hankali da ke juya ta da yatsu ko wuyan hannu don ta karkata in ta dira, Ingila ta ci 2 da 1, kuma kyaftin ɗin Indiya na lokacin, MS Dhoni, ya ce Anderson ne ya bambanta ƙungiyoyin biyu. Sachin Tendulkar, wanda ya fi kowa maki a tarihin Tes, sau 9 Anderson yana fitar da shi, babu wanda ya kai haka.

A irin waɗannan filaye makaminsa shi ne abin da ake kira ribas, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye. Idan ƙwallo ta tsufa, gefe ɗaya ya ƙoƙe sosai ya bushe, ɗayan yana ƙyalli, sai lissafin ya juye: ta riƙa tafiya wajen gefen mai ƙyalli, kuma a makare ƙwarai. 'Yan Pakistan ne suka fito da wannan ilmi a filayensu masu ƙura, daga Sarfraz Nawaz zuwa Imran Khan, har Wasim Akram da Waqar Younis da suka gigita duniya da shi. Anderson ya koya, ya kuma ɗauki dabarar Zaheer Khan na Indiya ta rufe ƙwallo da ɗaya hannun yayin gudu don kada mai bugu ya ga inda ƙyallin yake. A Fabrairun 2021 a Chennai, yana da shekara 38, cikin zafi, ya tumɓuke turken Shubman Gill da na Ajinkya Rahane a oba guda, duka biyun ƙwallo ta shige tsakanin katako da ƙafa. A gaskiya wannan obar ta fi burge ni a kan duk abin da ya yi a gida, domin babu abin da sama ta ba shi ranar nan.

Yadda ya daɗe

Mai jifa da gudu jikinsa yakan gaji da wuri. Duk saukar ƙafar gaba nauyin jiki ninki da yawa ne yake bi ta gwiwa da baya, kuma yawancinsu kafin 35 sun ajiye. Anderson ya buga Tes 188, Tendulkar kaɗai ya fi shi da 200, ya kuma jefa ƙwallo sama da 40,000. Fiye da 400 daga mutanen da ya fitar bayan ya cika shekara 30 ne, fiye da 200 kuma bayan ya wuce 35. Saurinsa ya ragu zuwa wajen kilomita 130 da ɗoriya, amma sai ya ƙara wuyar bugu, domin ya daina ba da ƙwallon banza. Yakan jefa mai fita sau goma sha wani abu a wuri ɗaya, mai bugu ya saba da barin ta ta wuce, sai ya aiko da mai shiga. Jikinsa siriri ne, gudunsa zuwa layi babu tsalle-tsalle, bayan 2015 kuma bai sake buga wa Ingila wasan yini ɗaya ba, sai duk ƙarfinsa ya koma kan Tes.

Ba hanya ce mai santsi ba. A 2014 a filin Headingley, shi ne mai bugu na ƙarshe, ya tsaya yana kare Ingila daga Sri Lanka har saura jifa biyu a tashi, aka fitar da shi, ya fashe da kuka a gaban kyamara. A Ashes ta 2019 oba huɗu kawai ya jefa sharaɓarsa ta tsinke masa, bai sake bugawa a gasar ba. A 2022 aka ajiye shi da Broad a gida lokacin tafiya Karebiyan, ya dawo. Mutum na 500 da ya fitar Kraigg Brathwaite ne a 2017, na 600 Azhar Ali a 2020 a filin da babu ɗan kallo ko ɗaya saboda korona, na 700 Kuldeep Yadav a Maris ɗin 2024 a Dharamsala, a gindin duwatsun Himalaya. Babu mai jifa da gudu da ya taɓa kai ko 600 kafin shi. Muttiah Muralitharan mai 800 da Shane Warne mai 708, su kaɗai ke gabansa, kuma dukansu masu murzawa ne da ke tahowa da tafiyar ƙafa.

Ba da son ransa ya ajiye ba. Shugabannin tawagar ne suka zaunar da shi suka ce suna so su gina matasa don tafiya Ostareliya. Ya buga na ƙarshe a Yulin 2024 a Lord's, inda ya fara, da West Indies, saura kwanaki ya cika 42. Ya fitar da mutum 4. A ranar ƙarshe ƙwallon da za ta rufe wasan ta dawo masa a hannu daga katakon Gudakesh Motie, ta suɓuce, ya durƙusa ya rufe fuska. Ko bayan nan bai bar jifa ba, ya ci gaba da buga wa Lancashire, kuma a 2025 aka ba shi sarautar Sir.

Kai kuma fa?

Daga wasiƙa ba zan iya yanke hukunci a kan jifanka ba, sai na gan ka daga gefe da kuma daga baya. Amma ga yadda nake rarrabewa a fili. Sunkuyon kai shi kaɗai ba ciwo ba ne. In ƙwallonka tana zuwa inda ka nufa, bayanka ba ya ciwo, a bar ka. Abin da nake gyarawa ba tare da jinkiri ba shi ne in ƙugu ya fuskanci gefe, kafaɗu kuma suka fuskanci gaba a lokacin dirar ƙafar baya, domin wannan murɗewar ce take tsaga ƙashin bayan yara masu tasowa. In kana jin ciwo a ƙasan baya, musamman a gefen da ba hannun jifanka ba, dakata ka ga likita, kada ka daure. Kuma ka ƙirga jifanka. Ƙa'idar da a baya aka daɗe ana bi a Ingila ga masu shekarunka ita ce kada a wuce oba 7 a jere, ko 18 a yini. Na taɓa rasa wani yaro mai kyakkyawan hannu saboda wani baƙon koci ya sauya masa komai cikin sati biyu, ya tafi ya bar shi bai iya na da ba bai iya na yanzu ba, kuma har yau abin yana yi mini zafi.

Game da filayenmu kuwa, gaskiya ce siminti da tsakuwa suna cinye fatar ƙwallo cikin obobi kaɗan, kuma sabuwar ƙwallo tsada gare ta. Wannan yana nufin lokacin lanƙwasar farko gajere ne a wurinmu, don haka in an ba ka sabuwa kada ka ɓata ko jifa ɗaya a kan gajeren jifa na tsoratarwa. Kai ta gaba, kusa da mai bugu, ka ba ta nisan da za ta yi aikinta. Yana kuma nufin ƙasarmu ta fi kama da Pakistan a kan Ingila, wato ribas na nan yana jiran wanda zai kula da ƙwallo: gefe ɗaya a goge, ɗayan a bar shi a bushe, kada tafin hannu mai gumi ya taɓa shi. Ribas ya fi son ɗan sauri, kuma a shekara 17 jikinka bai gama cika ba, saurin zai ƙaru. Kada dai ka taɓa karce ƙwallo da farce ko murfin kwalba. 'Yan Ostareliya uku da aka samu da hannu a gurza ƙwallo da takardar gurza katako a Cape Town a 2018, dakatar da su aka yi, kuma tabon bai goge ba.

Ga abin da nake fara sa yarana. Sami ƙwallon tanis, ka naɗe rabinta da salatif ɗin masu gyaran wuta, ka bar rabin da gashinsa. Yaran Karachi da Lahore da irinta suke tashi. Na tuna wata safiya ta hunturu, hazo ya rufe ƙarshen fili, wani siririn yaro da kullum abokansa ke bugun jifansa ya saki irin wannan ƙwallon, ta taho kai tsaye sai ta goce wajen taku guda ta bar mai bugu yana dukan iska. Yaron bai yi ihu ba. Tsayawa ya yi yana kallon yatsunsa biyu, sannan ya ce, "Malam, a ba ni in sake." Bayan nan sai ka koma ƙwallon fata. Shafa wa gefe ɗaya farin alli, ka ɗora manuniya da ɗan tsakiya a gefe biyu na ɗinki, babban yatsa a ƙarƙashinsa, riƙon ya zama sako-sako kamar ka riƙe ƙwai. Ku tsaya da abokinka taku goma tsakani kuna jefa wa juna, wuyan hannu a miƙe a bayan ƙwallo, yatsu su ja ta baya yayin saki. In ka ga fari da ja suna gauraya a iska, wuyan hannunka ya karye. In ka ga fari a gefe guda, ja a gefe guda, ɗinki a tsaye kamar an ja layi, ka samu. Yi hamsin kullum kafin ka ƙara gudu, kuma mai fita kaɗai za ka nema har ƙarshen wannan zangon karatu. In an yi hutu ka sa abokinka ya ɗauke ka bidiyo daga gefe da daga baya, jifa shida-shida, ka turo mini in duba ƙugun da kafaɗun.